Daga Dutsen Dala Zuwa Bakin Ganuwa: Yawon Masu Ɗaukar Hoto A Birnin Kano

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara kama ƙasa a tsakanin matasa masu sha'awar ɗaukar hoto, watau su haɗu su sa rana, su sami wanda ya san gari ciki da bai ya shige musu gaba, su wuni suna zaga wuraren tarihi da ƙafa, kowa da kyamararsa rataye a wuya, wanda ba shi da ita kuwa ya yi amfani da wayarsa ta hannu. Wanda ya hango su daga nesa zai ce aikin marasa abin yi ne. Amma a gari irin Kano, inda kowace damina takan tafi da wani sashe na tsohon gini, kowane sabon titi kuma ya cinye wani lungu, wannan yawo ya wuce shan iska. Akwai abubuwa da dama waɗanda kakannin Kanawa suka tashi suka gani, yau babu inda za a same su sai a jikin takarda, kuma waɗanda suka ɗauki hotunan nasu galibi baƙi ne. Don haka yana da kyau mai karatu ya san yadda irin wannan zagaye yake, da wuraren da ake tsayawa, da abin da ya sa ake tsayawa a can.

Shiri Da Jagora

Ba a shiga tsohon birnin Kano da kyamara haka kawai. Lungunansa sun yi rassa kamar jijiyar itace, waɗansu su fitar da mutum titi, waɗansu su kai shi ƙofar gidan wani su tsaya. Saboda haka abu na farko shi ne samun jagora, kuma wanda ya fi dacewa shi ne ɗan cikin gari, wanda dattawan unguwa suka san iyayensa. Shi ne zai yi sallama, shi zai gaida mai unguwa idan ta kama, shi ne kuma zai san inda ake ɗaga kyamara da inda ake sauke ta. Abu na biyu shi ne kada ayarin ya yi yawa, gama mutum talatin ba sa shiga rumfar baduku su bar masa hasken da zai ga allurarsa.

Masu wannan sana'a sun ce hasken safiya da na la'asar su ne abokan mai hoto. Idan rana ta take, inuwa takan taru a ƙarƙashin abu, fuska ta yi duhu, bango ya yi fari fat, duk adon da ke jikinsa ya ɓace. Wannan ne ya sa akan tsara tafiyar yadda za a hau tudu da sassafe, a shiga wurare masu rufi da tsakar rana, a kuma ƙare a fili da yamma. Lokacin hunturu ya fi daɗin tafiya saboda sanyi, kuma hazo kaɗan yakan tausasa hasken rana, amma idan ya yi yawa sai ya rufe gari, a hau dutse a sauko ba a ga kome ba. Ƙurar kuma tana shiga idon kyamara, shi ya sa ba a rabuwa da ɗan ƙyalle mai laushi a aljihu.

Kan Dutsen Dala

Daga Dala ake farawa, don daga nan Kano ta fara. Akan taru a gindin dutsen bayan sallar asuba, a bi matakalar da aka yi masa, a isa sama kafin rana ta fito. Tsayinsa mita 534 ne daga kan teku, kuma masu binciken kayan tarihi sun sami alamun narka tama a gindinsa waɗanda suka kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen nan H. R. Palmer ya fassara ya buga cikin 1908, ya ba da labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura a wannan wuri, kafin zuwan Bagauda wanda aka lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Har yanzu kuwa ranar Takutaha, watau kwana bakwai bayan Mauludi, jama'a sukan yi cincirindo su hau dutsen.

Wanda ya tsaya a sama ya juya, zai ga Gwauron Dutse ta wajen yamma, ya hango hasumiyoyin Babban Masallaci ta wajen kudu, ta gabas kuma Fagge da Sabon Gari. A wannan wuri ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zauna cikin watan Fabrairu na 1851 ya zana birnin da hannu, aka buga zanen a littafinsa bayan 'yan shekaru. A zamaninsa ya ƙiyasta mutanen garin a kan 30,000, kuma ya tarar da babban sashe na cikin ganuwa fili ne da gonaki. Mai hoton da ya taho da kwafin wannan zane ya riƙe shi a hannu, ya dubi abin da ke gabansa, zai ga gonakin nan duk sun zama gidaje, soraye masu zankaye sun koma rufin kwano iyakar ganin ido.

Jagora nagari yakan nuna wa ayarinsa wani abu da baƙo ba zai lura da shi ba, watau kududdufai. Waɗannan ramuka daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birnin, kuma su ne suke shanye ruwan sama idan damina ta sauka. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai, shi ya sa ruwa ke rasa inda za shi sai cikin gidajen mutane. Daga kan Dala da sassafe, waɗanda suka rage sukan yi walƙiya kamar madubi, ana iya ƙirga su da yatsa. Wanda ya ɗauki hotonsu bana, ya komo baɗi ya tsaya a daidai inda ya tsaya ya sake ɗauka, ya sami shaidar da ba ta bukatar dogon bayani.

Cikin Lunguna

Daga gindin dutsen sai a gangara ta cikin unguwanni a nufi Kurmi. A nan tafiya takan yi nauyi, don kusan kowace unguwa sunanta tarihi ne. Madabo ita ce mazaunin malaman Wangarawa, waɗanda tarihin Kano ya ce sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Sharifai tana da nasaba da zuriyar Shehu Magili, malamin da ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙe mulki. Dandalin Turawa kuwa unguwar Larabawan Gadamas da Tarabulus ce, gama su ake kira Turawa tun kafin a san Nasara. Haka nan Agadasawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi, kowace ta faɗi inda mutanenta suka fito.

Abin da mai hoto yake nema a waɗannan lunguna shi ne ginin ƙasa na asali, kuma sai ya yi haƙuri, don yanzu tsakanin wani da wani akwai tazara. Idan ya dace zai ga soro wanda aka gina da tubali, aka shafe shi da makuba, zankaye a kusurwoyinsa, indararo ya leƙo daga rufi, a saman ƙofar zaure kuma an zana dagi ko takobi ko allo. Irin wannan ado na jikin bango bai fitowa sai haske ya zo masa daga gefe, saboda inuwar da ke kwanciya cikin zanen ita ce take nuna zurfinsa. Wanda ya tsaya gaba da gaba da bangon, rana na bayansa sosai, zai koma gida da hoton jar ƙasa kawai.

Bai kamata kuma a zargi mai gidan da ya rushe soronsa ya sa bulo da siminti ba. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, azara ta yi tsada don giginya ta yi ƙaranci, maginan da suka iya bakan gizo da ɗaurin guga kuma sun tsufa, 'ya'yansu sun kama wata sana'a. Magidanci yana duba abin da zai hana ruwa zuba a kan iyalinsa ne. Abin da ya rage ga mai hoto shi ne ya riga magini zuwa, ya ɗauki soron ta gaba da ta gefe, ya shiga zaure da izini ya ɗauki rufin, ya kuma tambayi sunan wanda ya gina shi tun da sauran mai iya tunawa.

A nan ne kuma ake gane mai tarbiyya. Zaure shi ne iyakar baƙo namiji, kuma rubutun nan na "Ba a shiga" da ke jikin ƙofofi ya shafi kyamara kamar yadda ya shafi ƙafa. Ba a ɗaukar matar aure da ta fito unguwa ba da yardarta ba. Ba a tara almajirai a ɗauki yagaggun rigunansu don a je a nuna wa duniya. Idan an tarar da dattijo a kan dakali, sai jagora ya rusuna ya ce, "Salamu alaikum, Baba, barka da hutawa," ya faɗi daga inda suke da abin da ya kawo su. In ya yarda a ɗauka, a nuna masa hoton a jikin kyamara; in ya ƙi, a yi godiya a wuce. Sau da yawa gaisuwar minti biyar ita ce take buɗe ƙofar da kuɗi ba su buɗe ta.

Kasuwar Kurmi

Wajen hantsi ayari yakan iso Kurmi, a bakin rafin Jakara. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa ta, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru tana cikin manyan kasuwannin ƙasashen baƙar fata. Ayarin raƙuma sukan kawo gishirin Bilma ta hanyar Agadas, fatake su kawo goro daga Gwanja, kanwa ta zo daga Barno, kayan Larabawa kuma su ƙetaro hamada daga Tarabulus. Abin da ke fita shi ne tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano, da jemammiyar fatar jan akuya wadda Turai ta sani da sunan fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Gaskiya kuma ita ce a wannan kasuwa an sayar da bayi har zuwa shigowar Turawa cikin 1903, kuma jagora na kirki ba ya tsallake wannan babi.

Yau manyan harkoki sun koma Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa da Dawanau. Abin da ya rage wa Kurmi shi ne aikin hannu da kayan gargajiya: dukawa da masu sirdi da linzami da sauran kayan doki, masu huluna da manyan riguna, masu ƙwarya da faifai, masu turaren wuta, masu magungunan gargajiya, da masu littattafan addini da alluna. Hanyoyinta matsattsu ne, rumfuna sun kusa haɗuwa ta sama, sai haske ya riƙa saukowa ta tsakaninsu siriri siriri. Wannan ya sa ta dace da lokacin da rana ta fara zafi a waje. Dabarar ita ce mai hoto ya sami inda hasken ya sauka, ya tsaya ya jira mutum ya shigo cikinsa, maimakon ya riƙa bin mutane yana haska musu wuta a ido.

Hoton da ya fi daraja a Kurmi shi ne na hannu a kan aiki. Baduku yana yankan fata, mai ɗinkin hula yana jan zare, mai sirdi yana ɗora ado. Waɗannan hannaye suna yin abin da suka gada, kuma babu tabbacin za a sami mai gadonsu. Yana da kyau wanda ya tsayar da mai sana'a daga aikinsa ya sayi wani ɗan abu a wurinsa, ko da zoben fata ne, don ɗan kasuwa ba ya cin hoto. Kafin a bar wajen kuma akan tsaya a Jakara a karya da gurasa, wadda unguwar ta yi suna da ita.

Marinar Ƙofar Mata

Daga Kurmi sai a yi gabas zuwa Ƙofar Mata, inda marina take. Allon da ke bakin wurin ya ce an kafa ta cikin 1498. Rijiyoyin rinin a jere suke a ƙasa, kowace da murfinta, kuma aikin bai sake ba daga yadda aka gada. Ana zuba ruwa da baba da toka da katsi, a bar su kwanaki su ruɓa, a riƙa motsawa da doguwar muciya har kumfa ta taso, sa'an nan marini ya zauna a bakin rijiya ya riƙa tsoma zane yana ɗagawa. Adon da ake gani a jikin zanen kuwa mata ne suke ɗaure shi da zare a gida kafin a kawo, inda zaren ya kama sai rini ya kasa shiga.

Akwai wani abin mamaki da mai hoto ya kamata ya shirya masa. Idan an ɗago zanen daga rijiya yakan fito da ɗan kore kore, sai iska ta buge shi sa'an nan ya juye shuɗi a gaban idon mai kallo. Wannan canji bai daɗewa, wanda bai riga ya saita kyamararsa ba sai ya rasa shi. Har ila yau baƙin shuɗin nan yakan yaudari kyamara, ta ɗauka wurin duhu ne ta ƙara haske, farar rigar marinin ta ƙone. Masu gwaninta sukan rage hasken da hannu. Bayan rini sai a leƙa wurin mabuga, inda ake ɗora zane a kan gungume ana bugunsa da taɓare har ya yi sheƙi. Irin wannan aiki ne ya sa Buzaye suka san turkuɗin ƙasar Kano, musamman na garin Kura, har cikin hamada.

Amma wanda ya ɗauki rijiyoyin da ke aiki kawai bai faɗi dukan gaskiya ba. Da yawa daga cikinsu sun bushe, waɗansu sun cika da ƙasa da shara. Atamfa da yadin waje masu araha, da rinin zamani na kanti wanda ake gamawa a yini ɗaya, sun karya kasuwar baba, matasa kuma ba su ga abin da zai zaunar da su a bakin rijiya ba. Hoton da ya haɗa dattijo yana aiki da jerin matattun rijiyoyi a bayansa ya fi kowane hoto faɗin halin da marina take ciki.

Masallaci Da Fada Da Gidan Makama

Daga marina sai a biyo titi a wuce Asibitin Murtala, a iso Babban Masallacin Juma'a daidai azahar, a rataye kyamara a yi salla. Ginin da ake gani yanzu, mai koriyar ƙubba, an yi shi ne a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Kafin shi akwai masallacin ƙasa da wata ƙatuwar hasumiya ta ƙasa wadda ake hangowa daga nesa. An rushe ta, kuma yau duk wanda yake son ya san kamanninta sai ya nemi tsofaffin hotunan da Turawa suka ɗauka. Da ba su ɗauka ba, da sai dai labari.

Kusa da masallacin ne fadar Kano take, watau Gidan Rumfa, wanda aka gina cikin ƙarni na 15, faɗinsa kimanin eka 33. Akan tsaya a filin Ƙofar Kudu a ɗauki ƙofar daga waje, in an dace kuma a sami dogarai cikin rigunansu ja da kore. Shiga ciki da kyamara kuwa sai da izinin fada, kuma wannan aikin jagora ne ya nema tun kafin ranar. A wannan fili ne mahaya suke jahi ranar Hawan Daushe. Cikin watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da suka cancanci a kiyaye.

Tsallaken filin akwai Gidan Makama, wanda tarihi ya ce an gina wa Rumfa ne tun yana riƙe da sarautar Makama, daga baya a zamanin Turawa aka yi makarantar Midil a wani sashensa, yanzu kuwa gidan ajiye kayan tarihi ne a hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Nan ne wurin fakewa daga zafin rana, gama kaurin bangon ƙasa yana riƙe sanyi. Wanda ya ɗaga kai zai ga yadda bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu a tsakiya, an jera azara a tsakani. Hasken ciki kaɗan ne, don haka sai an kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ko mutum ya jingina da bango ya riƙe numfashi kafin ya danna. A nan aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan Kano na dā.

Zancen tsofaffin hotuna kuwa yakan kai jagora ga dalar gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, suka yi suna da shi, aka riƙa jera buhuna suna tashi sama kamar duwatsu a wurare irin su Ƙofar Mazugal. Farin shekarun 1970, da cutar da ta kama gyaɗa cikin 1975, da juyawar hankalin hukuma ga man fetur, suka haɗu suka kawar da ita. Yaron da aka haifa yau bai ga dalar gyaɗa ba, kuma ba zai yarda da tsayinta ba sai an nuna masa hoton ɗan dako da buhu a ka yana hawa, ya zama kamar tururuwa a jikinta.

Bakin Ganuwa Da Yamma

Bayan la'asar sai a fita ta kudu, a kama titin da ke bin gefen ganuwa daga Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya, har Kabuga ga mai sauran ƙarfi. A wannan lokaci rana ta yi ƙasa, haskenta yana kwanciya a jikin jar ƙasa ya mai da ita kamar garwashi, duk wani tsagi da ruwa ya yi ya fito sarai. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, Rumfa ya faɗaɗa, Muhammadu Nazaki kuma ya ƙara cikin ƙarni na 17. A dā kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da dare. Ran 3 ga watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka shigo ta wajen Ƙofar Kabuga, a lokacin Sarki Alu yana ƙasar Sakkwato. Gwamna Lugga da ya zo ya ga ganuwar ya rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kuma bai taɓa ganin irinta a Afirka ba.

Ganuwa ta daɗe ne saboda ana gyara ta. Bayan damina akan fitar da jama'a aikin gayya a toshe inda ruwa ya ci. Da yaƙi ya ƙare sai wannan al'ada ta mutu, ruwa ya ci gaba da aikinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu ɗibar ƙasa suka shigo, masu zubar da shara suka biyo, aka yanka filaye a jikinta, aka yi gidaje da kantuna, tituna suka huda ta. Cikin 1937 aka buɗe Sabuwar Ƙofa. Cikin 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da sabon gini. Tun 2007 aka sa ganuwar da wuraren da ke tare da ita a jerin share fage na UNESCO, amma jerin share fage ba ya hana ruwa ko tifa.

A nan mai hoto yakan gamu da jarrabawa. Yana da sauƙi ya matsa gefe ya kauce wa bola da turakun wutar lantarki da kantin da aka jingina da ganuwa, ya fitar da hoto mai kyau wanda zai sa mai kallo ya ɗauka kome lafiya. Irin wannan hoto yana da amfaninsa a jikin kalanda. Amma wajibi ne ya ja baya ya sake ɗaukar wani wanda ya haɗa da duk abin da ke wurin, ya kuma sa mutum ya tsaya a gindin ganuwar don a gane tsayin da ya rage. Wannan na biyun shi ne wanda mai bincike da mai hukunci da jikokin Kanawa za su nema nan gaba.

Bayan An Koma Gida

Kiran sallar magariba shi ne yake tashin ayari, amma aikin bai ƙare a nan ba. Hoton da ba a san ranar da aka ɗauke shi ba, ba a san unguwar ba, ba a san inda mai ɗauka ya tsaya ba, rabin hoto ne. Tsofaffin hotunan Kano da suke da amfani a yau su ne waɗanda wani ya daure ya rubuta wuri da shekara a bayansu. Saboda haka ya kamata kowa ya zauna tun daren ranar ya rubuta waɗannan abubuwa, tun bai manta wane soro ne na Madabo wane ne na Sharifai ba.

Abu na biyu shi ne ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana lalacewa, kuma dubban hotuna sun tafi ta wannan hanya. Waɗanda suka fi muhimmanci a wanke su a takarda, a kuma ajiye kwafinsu a wuri fiye da ɗaya. Zai yi kyau ƙwarai idan masu wannan yawo suka riƙa kai zaɓaɓɓun hotunansu gidajen tarihi da ɗakunan karatu na jami'o'i, inda ɗalibi zai same su bayan masu ɗaukar sun shuɗe. Abu na uku kuwa alkawari ne: marinin da badukun da dattijon kan dakali waɗanda suka ba da fuskarsu, a koma a kai musu nasu kwafin. Wanda ya yi haka ya buɗe wa ayarin da zai biyo bayansa hanya.

Abin da aka faɗa a kan Kano ya shafi Zariya da Katsina da Daura da Sakkwato da Damagaram da Agadas, da kowane gari mai tsohuwar ƙofa ko tsohon masallaci ko tsohuwar marina. A dā kyamara sai Bature ko attajiri, shi ya sa baƙi ne suka adana wa Hausawa kamannin garuruwansu. Yau kusan kowane aljihu akwai ta. Idan wani soro ya faɗi a daminar baɗi ba a sami hotonsa ba, ba za a ce rashin kayan aiki ne ba. Allah Ya sa a farga tun da sauran abin ɗauka, amin.